Tambaya da Amsa: Me Ya Sami Yankees a Tsakiyar Kakar 2024, Kuma Wa Ya Kamata Su Sayo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Bronx, nan birnin New York, ina tuƙin tasi. Da ƙwallon ƙafa na taso, amma zama kusa da filin Yankees ya sa na kamu da besbol har na zama ɗan gani-kashe-ni. A tsakiyar watan Yuni babu ƙungiyar da ta kai mu nasara a duk Amurka, yanzu kuwa, a tsakiyar Yulin 2024, an tafi hutun wasan taurari (All-Star) muna bayan Baltimore. Ni dai a ganina a sallami koci Aaron Boone, a sayo wani babban mai bugu irin Aaron Judge kafin a rufe kasuwar cinikin 'yan wasa. Ko ya ka gani?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'ar tuƙi. Ɓacin ranka yana da dalili, amma maganin da ka rubuta ba na wannan ciwon ba ne.

Ranar 14 ga Yuni, bayan sun doke Boston a filinta na Fenway, Yankees na da nasara 50 da rashin nasara 22, su ne na farko da suka kai 50 a kakar 2024. Daga nan zuwa hutu sun buga wasa 26, suka ci 8 kacal. Mets, ɗayar ƙungiyar New York, sun cinye su sau biyu a jere, Cincinnati ta zo har gida ta share su wasa uku a farkon Yuli. Ga shi yanzu suna 58 da 40, Baltimore na 58 da 38. Wato duk da wannan faɗuwar, tazarar wasa ɗaya ce tsakani, kuma saura wasa 64. Ƙungiyar da ta yi wata guda tana zubar da maki amma har yanzu tana jin numfashin na gabanta ba ƙungiyar rushewa ba ce. Gyara take so, kuma wuraren gyaran a bayyane suke.

Tunda daga ƙwallon ƙafa ka fito, ga inda tunanin ƙwallon ƙafa yake yaudarar mutum a besbol. A can, in kana da gwani ɗaya, sai a yi ta miƙa masa ƙwallo, ya taɓa ta duk lokacin da aka matsu. A nan layi ake bi. Mutum tara ne, kowa da lokacinsa, kuma Aaron Judge ba zai riƙe sanda fiye da sau huɗu ko biyar a wasa ba komai matsuwar ƙungiya. Judge ya shiga hutu da hom-ron 34, wato bugun da ke fitar da ƙwallo bayan katanga, ya kuma shigar da maki 85, alhali a farkon Mayu bugunsa bai ma kai .200 ba, wato bai samun bugu mai kyau ko ɗaya cikin biyar. Juan Soto, da yake bugu na biyu kafin Judge, yana cikin kakar da kowace ƙungiya za ta yi fatan samu. Su biyun sun sauke nauyinsu har da ƙari. Matsalar tana wajen sauran bakwai ɗin. Idan mai jifa ya san cewa in ya tsallake mutum biyu sauran hanya shimfiɗaɗɗiya ce, ba zai jefa wa Judge ƙwallon kirki ba. Gara ya bar shi ya taka kyauta zuwa tasha ta ɗaya cikin tashoshin da ake zagayawa kafin a ci maki, ya fuskanci na bayansa.

Wa ke bayan nasa? Giancarlo Stanton ne ya kamata, kuma kafin naman bayan cinyarsa ya tsinke ranar 22 ga Yuni yana da hom-ron 18. Mutane da yawa suna raina Stanton saboda ba ya iya gudu kuma kullum yana hannun likita, amma ka duba lokacin da ƙungiyar ta fara tangal-tangal, ka duba lokacin da ya fita. Kwana shida kafin nan Anthony Rizzo ya karye a hannu a Boston. Sai nauyin bugu na huɗu ya faɗo kan Alex Verdugo, wanda sandarsa ta yi sanyi tun tsakiyar Yuni. Gleyber Torres, da kwantiraginsa ke ƙarewa bana, sai da Boone ya zaunar da shi a benci a ƙarshen Yuni don ya dawo hayyacinsa. Anthony Volpe ya fara kaka da zafi a matsayin mai buɗe layi, daga baya aka sauko da shi ƙasa. Ben Rice, yaron da aka ɗauko ya maye gurbin Rizzo, ya buga hom-ron uku a wasa ɗaya da Boston ranar 6 ga Yuli, abin sha'awa, amma sabon shiga ne, kuma ba a ɗora wa sabon shiga rufin gida.

Wurin da ya fi ba ni takaici shi ne tasha ta uku. DJ LeMahieu mutum ne da ya taɓa zama zakaran bugu sau biyu, a 2016 da 2020, kuma ina girmama shi. Amma ya cika shekara 36, ya karye a ƙafa tun lokacin atisayen bazara, bai fara wasa ba sai ƙarshen Mayu, kuma tun da ya dawo bugunsa yana ƙasa da .200, mafi yawa ƙwallon a ƙasa take birgima zuwa hannun masu tsaro. Ƙungiyar da ke neman kofi ba za ta shiga Oktoba, watan wasannin neman kofi, da wannan ramin ba. Abin da ake buƙata a nan ba tauraro ba ne. Mutum ake so mai bugu daidai gwargwado, wanda zai iya tsaron tasha ta biyu ko ta uku. Sunayen da ake ta ambata sun haɗa da Isaac Paredes na Tampa Bay, sai dai rukuninsu ɗaya da Yankees, kuma maƙwabci ba ya sayar wa abokin hamayyarsa da rahusa. Akwai Luis Rengifo na Angels, amma yana jinyar wuyan hannu. Ni hankalina ya fi kwanciya da Jazz Chisholm na Miami, ɗan ƙasar Bahamas. Asalinsa ɗan tasha ta biyu ne kafin a mai da shi tsakiyar bayan fili a 2023, yana da gudu, abin da Yankees ba su da shi, kuma da hagu yake bugu. Kai da ke wucewa ta River Avenue ka san katangar dama ta filin nan ƙafa 314 ce kawai daga inda ake bugu, tamkar don bahagon mai bugu aka gina ta. Miami kuwa tun watan Mayu, da suka sayar da Luis Arraez ga San Diego, kowa ya san sun baza kayansu a kasuwa.

Amma da za a ce in zaɓi gyara ɗaya tak, ba ma wajen bugu zan je ba. Zan je wajen masu jifan da ke karɓa a zagayen ƙarshe, cikin zagaye tara da ake yi a wasa. Tuna wasan 5 ga Yuli da Boston. Saura jifa ɗaya a tashi, Clay Holmes ya ba Masataka Yoshida ƙwallon da ya fitar waje, aka yi kunnen doki, aka sha kashi a zagaye na goma. Sannan ga wasan ƙarshe kafin hutu, ranar 14 ga Yuli a Baltimore. Rice ya buga hom-ron mai maki uku a zagaye na tara, ana 5 da 3, wasa ya zo hannu. Volpe ya kasa riƙe ƙwallon da ta zo masa a ƙasa, Verdugo ya rugo gaba alhali ƙwallon Cedric Mullins ta bayansa za ta wuce, aka tashi 6 da 5. Da an ci wannan wasan, da Yankees ne a saman rukuni yau.

Za ka ce ai wannan laifin masu tsaro ne, ba na Holmes ba. Gaskiya ne, kuma nan ne zancen yake. Makamin Holmes jifa ne mai nutso, wanda ke sa mai bugu ya doki saman ƙwallo ta tafi a ƙasa. Idan masu tsaro suna lafiya, wannan dabara ce mai kyau, shi ya sa ya yi wajen wata biyu a farkon kaka ba a ci shi makin da za a ɗora masa ba, har aka zaɓe shi wasan taurari. Amma duk ƙwallon da sanda ta taɓa tana iya bin rami, tana iya tsalle, tana iya kuɓuce wa mutum. A zagaye na tara, da tazarar maki ɗaya da mutane a tashoshi, abin da kake so shi ne mai jifan da sanda ba za ta taɓa ƙwallonsa ba sam, ya kori mai bugu da jifa uku ya koma benci. Irin waɗannan sun yi ƙaranci a Yankees, musamman tun da aka yi wa Jonathan Loáisiga aikin gwiwar hannu a Afrilu. Luke Weaver ya yi ƙoƙari ƙwarai, sai dai an fara gajiyar da shi. Biyu nake so a sayo, ɗaya bahago. Tanner Scott na Miami ya dace da wannan siffa, kuma tunda kwantiraginsa bana zai ƙare, kuɗinsa ba zai kai na Mason Miller na Oakland ba, wanda ke jifa sama da mil 100 a awa amma sai an kwashe rabin yaran ƙungiya kafin a same shi.

Masu jifan da ke buɗe wasa ba su dame ni sosai ba. Gerrit Cole, da ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2023, bai fara jifa ba sai 19 ga Yuni saboda ciwon gwiwar hannu, yanzu yake warware jiki. Carlos Rodón ya sha duka a ƙarshen Yuni, amma da lafiyarsa. Wanda za a sa wa ido shi ne Luis Gil. Shi ne gwarzon mai jifa na watan Mayu a American League, ɓangaren da Yankees ke ciki, sai Baltimore ta farfasa shi ranar 20 ga Yuni a wasan da aka tashi 17 da 5. Yaron nan an yi masa babban aikin gwiwar hannu a 2022, bara kusan bai yi jifa ba, bana kuma ya riga ya haura zagaye 100. Dole a rage masa kaya. Dawowar Clarke Schmidt daga jinya za ta taimaka a nan fiye da sayen wani.

Sai batun Boone. Na san a Bronx sunansa ya zama abin zagi, kuma tsofaffin magoya baya suna kewar zamanin George Steinbrenner, tsohon mai ƙungiyar, wanda ya naɗa Billy Martin koci har sau biyar. Ina da ƙorafi a kan Boone. Yana yawan kare 'yan wasansa a gaban 'yan jarida ko da kuskuren ya fito fili, kuma sakacin gudu tsakanin tashoshi da ake gani a ƙungiyar nan daga horo yake. Amma shi ne dai kocin da ya kai su 50 da 22 ba tare da Cole ba. Ba shi ya karya hannun Rizzo ba, kuma sabon koci ba zai mai da LeMahieu ɗan shekara 30 ba. Wanda ya tara 'yan wasan nan shi ne babban manaja Brian Cashman, da ke kan kujerar tun 1998. In akwai wanda makonni biyun nan za su auna, shi ne.

Tarihin Cashman a kasuwar Yuli ma hujja ce a kan shawararka ta sayen babban suna. A 2021 ya kawo Joey Gallo da ganga da algaita, ya zama abin kuka. A 2022 ya kawo Frankie Montas, kafaɗa ta hana shi komai. Amma a wannan Yulin na 2021 ya karɓo Holmes daga Pittsburgh ba wanda ya ɗaga kai, ya zama mai rufe wasa na shekaru. Ka kuma duba Atlanta a shekarar. Sun shiga hutu da 44 da 45, gwarzonsu Ronald Acuña ya tsinke jijiyar gwiwa, sai suka tattaro mutum huɗu da ba a rububinsu: Joc Pederson, Adam Duvall, Eddie Rosario da Jorge Soler. Rosario yana jinya ma aka saye shi, Soler kuwa bugunsa bai kai .200 ba a Kansas City. Su suka ɗauki kofin World Series, Soler ne gwarzon waɗannan wasannin na ƙarshe.

Inda na yarda da kai shi ne kada a yi rowa. Soto aro ne na shekara ɗaya. An ba da mutum biyar, ciki har da Michael King, kafin a karɓo shi daga San Diego a Disambar 2023, kuma kaka na ƙarewa zai shiga kasuwa. Mutumin da ya ƙi dala miliyan 440 daga Washington a 2022, wanda shahararren dillalin 'yan wasa Scott Boras ke wakilta, ba zai yi wa kowa ragi ba. Judge yana da shekara 32, Cole 33. Rabon Yankees da kofi tun 2009, bara ko zagayen Oktoba ba su shiga ba. Albashinsu ya riga ya kai wajen dala miliyan 300, ya haura matakin ƙarshe na harajin da ake ɗora wa ƙungiyoyi masu kashe kuɗi, don haka duk dala ɗaya da suka ƙara sai sun biya fiye da wata dalar a haraji. Hal Steinbrenner, mai ƙungiyar, zai ji zafin wannan, amma bana ba shekarar ƙirga canji ba ce. Jasson Domínguez kaɗai zan riƙe a cikin yaran da ke tasowa, domin in Soto ya tafi shi ne magajin bayan fili. Sauran, har Spencer Jones, in cinikin ya yi kyau a sallama.

Kada kuma a ce ai ko ta bayan gida za a shiga Oktoba. Tun 2022 ƙungiya shida ke fitowa daga kowane ɓangare, amma zakarun rukuni biyu mafiya nasara ne kaɗai ke tsallake zagayen farko. Wanda ya zo na biyu a rukuni sai ya buga zagayen wasa uku, inda mummunan dare biyu ya isa ya aika shi gida. Wannan wasa ɗayan da ke tsakaninsu da Baltimore yana da tsada.

Za a rufe kasuwa ranar 30 ga Yuli da ƙarfe 6 na yamma agogon New York, kuma tun 2019 babu wata ƙofar ciniki a Agusta. Kafin nan akwai wasa huɗu da Tampa Bay a gida, biyu da Mets, uku a Boston, sannan a wuce Philadelphia. In ka kunna rediyo a mota a waɗannan kwanakin, bar ƙirga hom-ron ɗin Judge. Saurari abin da mai bugu na huɗu zuwa na tara suke yi, da kuma sunan wanda Boone zai kira a zagaye na takwas idan tazarar maki ɗaya ce.