Amsar Tambayarka Kan Tsokar Hanta da Intaferon

Ɗana, ka tambaye ni ko ana iya duba yadda ƙwayoyin gado suke aiki a hantar mai ciwon hanta nau'in C, a gane tun kafin a fara magani ko zai karɓe shi. Ana iyawa, kuma ba jiya aka gano hakan ba. A 2005 masu bincike a Toronto ta Kanada suka ware ƙwayoyin gado 18 da ke bambanta wanda allurar intaferon da maganin ribabirin, magungunan ciwon a wancan lokacin, za su yi wa aiki da wanda ba za su yi wa ba, a 2008 kuma wasu a Basel ta Switzerland suka ƙarfafa maganar. Abin da ke rikita yaran yanzu shi ne, wanda ƙwayoyin gado irin su ISG15 da USP18, waɗanda intaferon ke tayarwa, suka riga suka tashi a hantarsa kafin allura, shi ne maganin ba ya kamawa, domin hantar ta riga ta ƙure ƙarfinta, allurar ba ta da abin da za ta ƙara. Yadda ake ciro RNA, wato saƙon da ke nuna aikin ƙwayoyin gado, da tayar da injin PCR mai auna shi kuwa, idan sai na koya maka, to zamanka a ɗakin gwajin nan asara ne.

Zancen samfuri, wato tsokar hantar da ake kawowa a auna, nake so ka riƙe, domin a nan aka cuce ni. A zamanin da marar lafiya ke shan allura mako 48 cikin zazzaɓi da kasala, wani likita a nan Jidda ya same ni da daɗin baki, ya ce zai riƙa kawo tsokar hantar masu jinsi na 4 na ƙwayar cutar, wanda shi ne ya fi yawa a Saudiyya da Masar da Sudan, in auna masa. Na sayi sinadaran da kuɗin da nake tarawa na auren 'yata, bisa alkawarin zai biya. Na ja masa kunne cewa da an ciro tsokar a jefa ta cikin ruwan adana RNA, a kai ta firiza. Ashe mutumin nan a motarsa yake barin kwalaben cikin zafin bazara, ya tafi sallar Azahar, ya ci abinci, sai bayan La'asar ya shigo mini da su yana murmushi, ƙanƙarar ta narke ta koma ruwan ɗumi. Da na auna ingancin RNA ɗin na tarar ya ruguje, sai ya bi abokan aikinsa yana cewa hannun Bahaushen nan ne ba shi da kyau. Ko riyal ɗaya bai biya ni ba, yau kuma ana kiransa babban malami.

Ku kuwa da kun ga lamba a kwamfuta kun gaskata, ba mai tambayar awa nawa samfurin ya yi a hanya.

A 2009 aka gano bambancin ƙwayar gado ta IL28B, wanda shi ma yake hasashen karɓar maganin amma jini kawai gwajinsa yake buƙata, kuma nau'insa mai kyau ya yi ƙaranci a jikin mu 'yan asalin Afirka. Daga ƙarshen 2013, da sabon magani sofosbubir da 'yan uwansa suka shigo suna warkar da fiye da kashi 95 cikin ɗari a mako 8 zuwa 12, ba a ƙara huda hantar mutum don wannan hasashen ba. Idan kana son aiki mai amfani ka koma ciwon hanta nau'in B, inda har yanzu ake ba wasu intaferon, ana duba yawan HBsAg, wato alamar ƙwayar cutar a jini, a mako na 12 don a san ko a ci gaba ko a tsaya. Kada kuma ka karɓi samfurin da ba a rubuta lokacin ciro shi ba, ko da shugaban asibiti ne ya kawo shi da hannunsa.