Likita, Da Gaske Ne Ana Ɓoye Mana Gaskiya?

Saƙonnin da suka shigo wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: bidiyoyi da saƙonnin murya da ake yaɗawa a WhatsApp da TikTok da Facebook, masu cewa akwai tarihin da aka binne, akwai maganin da aka ɓoye, kuma likitoci da masana kimiyya bakinsu ɗaya da masu makirci. Na zaɓo biyar daga ciki, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wani magidanci, Ƙofar Marusa, Katsina: Likita, maiɗakina ta haihu wata biyu ke nan. An turo mini bidiyo cewa rigakafi dabara ce ta rage yawan Musulmi, har aka kafa hujja da abin da aka yi wa yaran Kano. Shi ya sa na hana a kai jaririn asibiti. Na yi daidai?

Malam, Allah ya raya, ya ƙara wa mai jego lafiya. Abin da aka yi a Kano ya faru, kuma ba zan rufa masa asiri ba. A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa, ta kashe dubban mutane. Ana cikin haka kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye kuwa suka ce ba wanda ya fahimtar da su cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009, lokacin da aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A Amurka ma an yi wanda ya fi wannan muni. A garin Tuskegee, daga 1932 har 1972, an bar baƙaƙen fata kusan 400 masu ciwon tunjere ba magani, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki, alhali tun kafin 1950 an san penisilin na warkar da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka ban ga laifinka ba da ka ji tsoro.

Sai dai ka lura da yadda asirin waɗannan abubuwa ya tonu. 'Yan jarida ne da likitoci da lauyoyi suka fito da takardu, da sunaye, da ranaku, aka kai gaban alƙali. Mai bidiyonka me ya kawo? Wace kwalba aka auna, a wane ɗakin gwaji, wa ya sa hannu? Sannan Trovan ba allurar rigakafi ba ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta ne da aka ba yaran da suka riga suka kwanta. Haɗa shi da rigakafi ko dai rashin sani ne ko ha'inci.

Mun taɓa bin wannan hanyar, kuma mun ga inda ta kai mu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa saboda raɗe-raɗin cewa yana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta sake ƙarfi, ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da ƙafafunsu suka shanye a wancan lokacin yau samari ne da 'yanmata, muna ganinsu a kan kekunan guragu. Waɗanda suka kitsa maganar kuwa ba ko ɗaya da ya zo ya ɗauki ɗawainiyarsu. Da aka dage da ɗigon, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta asali.

Batun rage haihuwa kuma, lissafi ya isa amsa. A ƙidayar 1991 jihar Katsina tana da mutum miliyan 3.7 da ɗoriya, a ta 2006 ta kai miliyan 5.8. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Katsina na haihuwar 'ya'ya bakwai da wani abu a matsakaici, babu jihar da ta fi ta. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin suna goye, su ne ke cika ɗakunan haihuwa yau. Ka tuna kuma ba maniyyacin da ke shiga Saudiyya sai da shaidar rigakafin sanƙarau.

Jaririnka ya riga ya makara, amma ba a rasa komai ba tukuna. Akwai allurar da ake yi a mako na 6 da na 10 da na 14, mai kare yaro daga cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. Mashaƙon nan shi ne ya addabi Kano da Yobe da Katsina a 2023, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Ka kai shi gobe, kyauta ne. Zai iya yin ɗan zazzaɓi ko wurin ya kumbura kwana ɗaya zuwa biyu. In ya ƙi kama nono, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa ya canza, a koma asibiti nan take.

Tambaya daga wata ɗalibar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua: Gaskiya ne kakanninmu suna da ilimin magani da ya fi na yanzu, Turawa suka kwashe suka ɓoye?

'Yata, akwai gaskiya a cikin maganar, amma ba yadda ake juya ta ba. A birnin Boston na Amurka, wani bawa ɗan Afirka da aka laƙaba wa suna Onesimus shi ya bayyana wa ubangidansa yadda mutanensu ke ɗan tsaga fata su sa ruwan ƙurjin agana, don mutum ya yi ciwon sama-sama ya tsira daga mai kisa. An yi amfani da dabarar a annobar 1721, shekara 75 kafin Edward Jenner ya fito da tasa a Ingila a 1796. An daɗe ba a ambaton sunan bawan nan. Haka Ar-Razi ya rubuta bambancin agana da ƙyanda fiye da shekara dubu da suka wuce, Az-Zahrawi na Andalus ya zana kayan tiyata a littafinsa. Mu ma nan muna da namu: Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya shahara a ilimin lissafi da taurari, ya rasu a Alƙahira a 1741.

To amma wa ya ɓoye mana waɗannan? Suna nan a rubuce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu da ke jibge a adaka a gidajen Katsina da Daura, gara na ci, ba mai karantawa, mu kuma muna kan waya muna neman wanda za mu ɗora wa laifi. Ke da kike jami'a, ga aiki nan yana jiranki.

Kimiyya ba ta gaba da itatuwa. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke rubutawa yau daga wani ganye dangin tazargade aka samo shi, kuma Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin da ta tace shi, ta samu lambar Nobel a 2015. A tsofaffin littattafan maganin ƙasarsu ta samo hasken. Abin da ta ƙara shi ne awo: wane sinadari ne ke aikin, nawa za a sha, nawa ne zai cutar. Nan ne jiƙe-jiƙen da ake sha ba ma'auni ke ba mu matsala, domin muna karɓar mutanen da ƙodarsu ko hantarsu ta taɓu ta wannan hanya. Zancen cewa mutanen da ba sa ciwo kuwa, ki zauna da kakarki ki tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu. Ki tambaye ta agana, da tabon lamba da ke damtsenta. A 1980 aka sanar an kawar da agana daga duniya baki ɗaya, kuma lambar nan ce ta kawar da ita.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Daura: Ina da hawan jini. Na ji wani a intanet yana cewa akwai maganin da ke warkar da shi gaba ɗaya, likitoci ke ɓoyewa don a yi ta sayen ƙwaya. Na bar shan nawa wata guda, na sayi kwalbarsa, kuma lafiya lau nake ji.

Alhaji, don Allah ka je a auna jininka yau, kada ka bari sai gobe. Jin lafiya ba shaida ba ce, domin hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa alamarsa ta farko ita ce shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon ƙoda, ko zuciya ta gaza. Ƙwayar da kake sha ba ta cire ciwon, riƙe shi take yi, kuma da ka saki sai ya koma sama.

Da akwai maganin da aka ɓoye, da likitoci sun fara ba iyayensu. Abokan aikina da yawa suna haɗiyar irin ƙwayar da kake sha kowace safiya. Kuma duk ciwon da aka samo masa waraka, shela ake yi. Tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6, kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati. Ciwon hanta nau'in C yanzu yana warkewa cikin kimanin wata 3. Ban ce kamfanonin magani waliyyai ba ne. Riba suke nema, kuma tsadar magani zalunci ce da nake gani kullum a fuskar marasa lafiyata. Amma mai kwalbar ma ai ba sadaka ya ba ka ba. Zargin da ka yi wa likita, ka yi masa irinsa. Akwai lambar NAFDAC a jikin kwalbar? An rubuta abin da ke ciki? In ka faɗi, ina za a same shi?

Ka tuna watan Agusta na 2014, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya cikin dare cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Mutane sun mutu, wasu da dama aka kwantar, kuma masu hawan jini irinka na cikin waɗanda abin ya fi haɗari a gare su. Ka taho da kwalbar idan za ka zo, mu duba tare. In kuɗin ƙwayar ne ya yi maka nauyi, ka faɗa wa likitanka kai tsaye, akwai masu sauƙin kuɗi da ke aiki sosai.

Tambaya daga wani matashi, Sabuwar Unguwa: Wai 5G ce ta kawo korona?

A'a. An samu mai korona na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, alhali sai a 2022 kamfanonin waya suka fara sayar da 5G a ƙasar nan. Cutar ta shiga ƙauyukan da ko sabis na kira sai an hau tudu. Ƙwayar cuta ce da ke bin numfashi da tari, igiyar sadarwa ba ta ɗaukar ta.

Tambaya daga wata uwa, Daura: Ɗana mai shekara 22 kwana yake kallon bidiyon ƙungiyoyin asiri masu juya duniya. Yanzu ya daina cin abincin gida, wai ana sa masa guba, ya ce ana bibiyarsa ta waya, wani lokaci ina jin sa yana magana shi kaɗai. Me zan yi?

Hajiya, wasiƙarki ta fi sauran tsaya mini a rai, domin wannan ya wuce yarda da ji-ta-ji-ta. Mutum zai iya gaskata ƙanzon kurege amma yana ci, yana barci, yana fita nema. Idan kuwa ya fara ganin shi ɗin ake farauta, ya ƙaurace wa abinci, barci ya ƙaurace masa, yana amsa muryar da ba kowa ke ji ba, to alamun rashin lafiyar ƙwaƙwalwa ne, kuma a irin shekarunsa aka fi ganin farkonsa. Ba bidiyon ne kaɗai ya jawo ba, amma yana ƙara rura wutar, saboda manhajojin nan an gina su ne su riƙa kawo wa mutum irin abin da ya daɗe yana kallo.

Kada a yi gardama da shi, kada a yi masa dariya, kada kuma a nuna an yarda da abin da yake faɗa. Ki ce masa kin ga yana cikin tsoro, ba ya barci, kina son likita ya duba rashin barcin. Ta wannan ƙofar aka fi samun su amince. A nemi wanda yake jin maganarsa, kawu ko yayansa ko malaminsa, ya raka shi. A bincika a hankali ko yana taɓa wiwi ko tramadol ko maganin tari mai kodin, domin suna haddasa irin wannan, kuma likita zai so ya sani. A yi addu'a, a kuma je asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗaure shi, kada a doke shi da sunan fitar da iska.

Ku fara da babban asibitin da ya fi kusa, ku ce kuna son ganin likitan ƙwaƙwalwa. In babu, za su ba ku takardar zuwa inda yake. Ciwon yana jin magani, kuma wanda aka kawo da wuri ya fi saurin komawa karatunsa ko sana'arsa. In ya ambaci kashe kansa ko cutar da wani, ko ya kwana biyu bai ci bai sha ba, a kai shi sashen gaggawa a ranar, a kuma kawar da wuƙaƙe da magunguna da maganin ƙwari daga inda hannunsa zai kai.