Karayar jari ce kawai, ko ciwon damuwa?

Malam, ka tambaya ko rashin barci da ƙin abinci da suka kama ka tun durƙushewar shagonka a Garwa talauci ne kawai ko ciwo. Idan ka wuce mako 2 a haka kusan kullum, har abin da kake so ya fita daga ranka, alamar ciwon damuwa ce, kuma likita za ka gani, kada ka jira kasuwa ta gyaru.

A 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, jarin mahaifina na atamfa ya narke, kuma ko bayan an biya bashin, a zaure yake wuni shiru, tuwo na hucewa a gabansa, har sai da aka kai shi asibiti. Idan tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ka tafi asibiti yau.