Shin da gaske ana renon ƙwayoyin kansar nono a labo (ɗakin bincike)?

Ƴar'uwa daga Tawa, kin ce an ɗebi tsokar nonon yayarki an aika Yamai, kuma kin ji wai likitoci na kiwon kansa cikin kwalba. Allah ya ba ta lafiya.

Kiwon gaskiya ne, amma tsokar yayarki ba don shi aka ɗauka ba. Za a yanka ta siriri a duba da madubin likita don a san irin ciwon da maganin da ya dace.

Ƙwayoyin da ake kiwo don bincike daban ne. Irin da ya fi shahara sunansa MCF-7: a 1970 aka samo shi daga ruwan ƙirjin wata mata mai shekara 69 a Detroit ta Amurka, kuma har yau jikokin ƙwayoyinta na hayayyafa a duniya. Ana zuba su cikin ruwan abinci mai suga da gishiri, a ajiye a zafin digiri 37 kamar jikin mutum. In sun cika faranti a raba su, wasu a daskarar a digiri 196 ƙasa da sifiri. Sinadarin mata, istirojin, yana sa su girma, shi ya sa aka yi ta gwada tamoxifen, wani maganin kansar nono, a kansu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin ƙwayoyin da ake kiwo daga Turawa aka samo, alhali irin kansar da ba ya jin tamoxifen ya fi yawa ga matanmu baƙar fata.

Ki matsa ta koma karɓar sakamakon, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe.