Filin Masu Sana'a: Tsohon Inji Ɗan Italiya ko Sabo Ɗan China?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a Rijiyar Lemo, aikina gadaje da wadrob na kayan ɗakin amare. Kullum sai na loda allunan MDF (allon garin katako da aka matse) a a-kori-kura na kai wajen masu inji a yanka mini, na bi layi, wani lokacin yini guda ya tafi a haka. Na kwashi adashi, ina so na sayi zarton tebur nawa na kaina. An nuna mini wani tsohon inji na kamfanin SCM ɗan Italiya, tokumbo, fentinsa duk ya koɗe. An kuma nuna mini sabo dal a leda ɗan China, an rubuta a jikinsa wai fasahar Jamus ce. Kuɗinsu kusan ɗaya. Ga shi kuma ƙanin mai ɗakina da ke Amurka ya ce zai iya turo mini wani daga can. Don Allah wane suna ne ya fi aminci?

Daga wani kafinta, Rijiyar Lemo, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sa albarka a sana'a.

Bari mu fara sallamar na Amurka, don shi ne mai sauƙi. Ka yi wa surukinka godiya, ka ce ya turo kuɗin kawai. Wutarsu ba irin tamu ba ce: su suna kan 60Hz, mu muna kan 50Hz (wato yawan kai-komon wutar a daƙiƙa ɗaya). Motar injin (wato abin da ke juya zarton) da aka naɗa don ta yi juyi 3450 a minti ɗaya a can, idan ta zo nan sai ta sauko wajen 2900, kuma ta riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙima. Ƙananan injinansu kuma na wuta volt 120 ne, sai ka nemo taransifoma. Ko ka shawo kan wannan, sandar da ake ɗaura zarto a kai yawanci inci 5/8 ce a wajensu, alhali zartunan da suka cika kasuwarmu masu ramin milimita 30 ne, awon Turai. Abin dariyar ma shi ne, sanannun sunayen Amurka irin su Grizzly da Jet, akasarin injinansu a Taiwan da China ake ƙera su. Ka ga ka biya kuɗin jirgi da na kwastan a Apapa don kayan da suka zaga duniya kafin su iso ka.

Saura biyu. A nan ne nake so ka ɗan sauya tambayar, domin ka tambaye ni suna, ni kuwa suna shi ne abu na ƙarshe da nake dubawa.

Ba wai sunan banza ba ne. SCM kamfani ne na gaske a garin Rimini, tun 1952 suke wannan aiki. Akwai Altendorf na Jamus, waɗanda kakansu ne ya ƙirƙiro zarto mai tebur mai zamiya a 1906. Akwai Martin, su ma Jamusawa. Akwai Felder na Ostiriya, da Robland na Beljiyam, da tsohon Wadkin na Ingila wanda har yanzu za ka tarar da shi yana gurnani a wasu tsofaffin ma'aikatu. Duk waɗannan sun yi suna ne da ƙarfen zubi mai nauyi da awo wanda ba ya gocewa. Amma sunan yana gaya maka yadda injin ya fito daga masana'anta ne kawai. Ba ya gaya maka shekara nawa ya yi yana cin katako dare da rana kafin Bature ya gaji da shi, ko sau nawa ya faɗo daga kan mota tsakanin Legas da nan.

Haka shi ma ɗan China, kada ka yi masa kuɗin goro. China tana ƙera na ƙwarai, tana ƙera na jeka-ka-dawo, ya danganta da abin da ɗan kasuwa ya biya aka yi masa. Wannan rubutu na fasahar Jamus kuwa sitika ce, ko kai za ka iya bugawa a Sabon Gari. Abin da za ka nema shi ne ɗan farantin ƙarfe da aka buga a jikin injin: sunan masana'anta, lambar samfuri, shekarar ƙira, nauyi. In babu wannan faranti, ko akwai amma babu sunan kamfanin da za ka iya samu a intanet ka rubuta musu, to ranar da wani abu ya karye ba ka da wanda za ka kira.

Kafin ma ka koma wajen injinan, ka tsaya a shagonka ka kalli mitarka. Layi nawa KEDCO ta ba ka? Kusan duk tokumbon Turai na masana'anta wuta mai layi uku yake ci, volt 380 zuwa 415. Idan layi ɗaya gare ka, sai ka lissafa kuɗin jawo layi uku, ko na janareta. Kuma janaretan ba na wasa ba: motar da ke da kilowat 5.5, lokacin tashi tana zuƙar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da take ci idan ta daidaita. Ni a lissafina, janaretan da bai kai ninki uku na ƙarfin motar ba wahala kawai zai sha, kai ma ka sha. Na san wani shago a Dakata da inji mai kyau ya yi wata da watanni a lulluɓe da tamfol, yara na ajiye kwanon abinci a kansa, saboda maigidan ya ƙarar da kuɗinsa kaf a kan injin bai bar na wuta ba.

To, ranar zuwa dubawa. Kada ka je kai kaɗai, kuma kada ka je hannu rabbana. Ka ɗauki mai naɗin koyil wanda ka yarda da shi, ka biya shi kuɗin yininsa. Ka riƙe sukwaya, da tef, da doguwar rula ta ƙarfe, da ƙusa 'yar inci huɗu, da allon MDF guda cikakke mai fuskar fomaika, irin wanda kake aiki da shi. Duk dillalin da ya ce ba za a kunna ba sai ka biya, ka yi masa sallama.

Tun ba a sa wuta ba, ka kama zarton da hannu biyu ka girgiza shi gefe da gefe. In ka ji ɗan ƙas-ƙas, boris ya tafi. Wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, domin boris irin su 6205 da 6206 suna nan a Kofar Ruwa. Ka dai sa a rage maka kuɗi, kuma ka kula, jabun boris masu tambarin kamfanin SKF sun yi yawa a kasuwa. Abin tsoro shi ne sandar kanta ta lanƙwashe, ko teburin zubi ya tsage. Ka leƙa ƙarƙashi da fitilar waya ka nemi alamar walda. Ƙarfen zubi da aka yi wa walda ba ya komawa yadda yake. Ka ɗora rularka a kan tebur ta tsawo da ta kwana, ka duba ko haske yana wucewa ta ƙarƙashinta.

Sai teburin zamiya, wanda a aikinka shi ne rabin kuɗin injin. Allon MDF tsawonsa milimita 2440 ne, saboda haka kana buƙatar teburin da tafiyarsa ta wuce haka, yawanci mai 3200. Ka tura shi da yatsa biyu daga farko har ƙarshe. Ya kamata ya tafi sumul, ba tsalle, ba wurin da yake cijewa. Ka ja shi can ƙurya ka ɗaga bakinsa ka ji ko yana rawa. Motar inji kowane mai koyil a Kano zai naɗa maka ita. Hanyar teburin da ta cinye kuwa, babu mai gyara maka ita a garin nan, sai dai oda, odar kuma da yuro, ka kuma san inda naira ta shiga tun 2023.

Yanzu a kunna. Ka tsayar da ƙusar nan a kan kanta bisa tebur (da sulalla ake wannan gwaji, amma ina sulalla yanzu?). Inji mai lafiya zai tashi ya daidaita ƙusa tana tsaye. Ka yanka allonka gida biyu, ka juya ɓari ɗaya ka haɗa bakunan: in akwai rata a tsakiya ko a ƙarshe, yankan ba miƙaƙƙe ba ne. Ka duba ƙasan allon ko fomaikar ta ɓantare. Don hana wannan ne ake sa ɗan ƙaramin zarto a gaban babban, mai juyawa ta ɗaya ɓangaren. Ka tabbata yana nan kuma yana aiki, don tokumbo da yawa suna zuwa babu shi. Ka bar injin ya yi aiki na ɗan lokaci, sannan mai koyil ya taɓa motar, ya buɗe akwatin wayoyinta. A kan ɗan China musamman, ya kankari waya ya gani: jan ƙarfe ne ko alminiyam aka shafa wa launi? A zafin Afrilun Kano, da ƙurar hunturu da ke toshe iskar mota, koyil na alminiyam ba ya daɗewa.

Ka kuma tabbata wuƙar da ke bayan zarto tana nan. Masu yanka da yawa suna cire ta wai tana ɓata musu lokaci, ita ce kuwa ke hana katako matse zarto ya dawo maka a ciki. Ka zaga 'Yan Katako na Na'ibawa ka ƙirga yatsun tsofaffin masu inji.

Ra'ayina, tunda ka tambaya: idan tsohon SCM ya ci wannan jarrabawa, kuma kana da layi uku, shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Injin wancan zamani ba shi da kwamfuta a ciki, bel ne da boris da suwic, abin da makanikin unguwa ya sani, kuma in ka tashi sayarwa ba za ka rasa mai saye ba. Idan teburinsa ya gaji, ka bar shi ko da an rage maka rabi, ka koma kan ɗan China, amma ka saya a hannun wanda yake da shago tsayayye, wanda zai nuna maka bel da suwic da ƙafafun tebur na wannan samfurin a kan kantarsa yau, ba "za mu kawo" ba. Ka ce ya ba ka sunan shago biyu a Kano da suka yi shekara suna aiki da irinsa, ka je ka gaisa da su. Ko wanne ka saya, ka ware kuɗin zarto mai kyau guda biyu, ɗaya na allo mai haƙora da yawa, ɗaya na tsaga katako, kada ka sa na MDF a kan iroko ko ƙirya.

TAMBAYA

Malam, ɗana ya kusa yaye daga wajen ubangidansa, ina so na saya masa injin huji da na goge katako na hannu. An ce mini in ba Makita ko Bosch ba, asarar kuɗi ce. Amma na ga an rubuta China a jikin wanda aka nuna mini.

Daga wata uwa, Gwammaja

AMSA

Hajiya, Allah Ya raya shi, Ya sa ya ji ƙanki. Rubutun China ba shi ne alamar jabu ba: Makita kamfanin Japan ne amma yana da masana'antu a China da Romaniya, Bosch ma yana ƙera wasu kayansa a China da Malesiya. Jabun ana gane shi ta rashin nauyi, da wayar wuta siririya mai tauri, da farashin da ya faɗo ƙasa da rabin na sauran shaguna. In kuɗin na asalin ya yi miki yawa, irin su Ingco da Total suna isar mai fara sana'a, kuma kayan gyaran motarsu, wato gawayi da ameca, ana samu a Sabon Gari. Ki tafi da ubangidan nasa ya zaɓa da hannunsa, a rubuta miki lambar jikin injin a kan rasit.