Kafin ka ce gishirin ya lalace

Ɗana, ka ce gwajin tsabta ya nuna amoniyom fakuloret ɗin nan, gishirin da ake sa wa a man roka, lafiya lau, amma XPS, na'urar da ke haska samfur da eksire ta auna ƙarfin ilektiron da ke fita daga gare shi, ta ga kuloraid a jikinsa, abin da fakuloret ke komawa in ya warware, kana tambaya wanne za ka gaskata. Duka biyun, don ba wuri ɗaya suke dubawa ba. Na farko narkar da gishirin ake yi a auna shi gaba ɗaya. Ita kuwa XPS, wadda aikinta ya jawo wa Kai Siegbahn na Suwidin kyautar Nobel a 1981, ganinta bai wuce kamar nanomita 10 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) na fatar ƙwayar gishirin ba. Fatar nan ce damuwarmu, domin a nan danƙon da ke haɗa daskararren man roka yake kama ƙwaya. A rokokin da suka riƙa ɗaga kumbon Space Shuttle na Amurka, gishirin ya kai kusan kashi 70 cikin ɗari na man. In danƙo ya saki ƙwaya, kogo ya buɗe, wuta ta samu wurin ci fiye da lissafi.

To amma kada ka yi gaggawar rubuta cewa kaya sun lalace. Fara zargin na'urarka. Hasken eksire da kansa yana warware fakuloret, ya mai da shi kuloret, daga nan kuloraid. A jadawalin da na'urar ke fitarwa, layin kulorin na fakuloret yana wajen 208 eV (ma'aunin ƙarfin ilektiron), na kuloraid wajen 198. Ɗauki gajeren awo da zarar ka kunna haske, ka yi ta maimaitawa a wuri guda. In tudun 198 yana ƙaruwa kowane zagaye, haskenka ne ke haifar da shi. In yana nan tun awon farko, bai motsa ba, sannan mu zauna. Gishirin kuma ba ya wuce da lantarki, caji kan taru layuka su gusa, sai ka daidaita su da layin kabon a 284.8.

In ka ga kalsiyom da fosfaros, galibi garin hana dunƙulewa ne da masana'anta ke zubawa.

Samfur kuwa ɗan kaɗan, ban da niƙa, ban da maiko, don yana iya fashewa. Gishirin nan ne ya tarwatsa masana'antar PEPCON a Nebada ta Amurka a 1988. Gobe ka kawo min awon farko da na ƙarshe mu jera su.