Tambayi Likita: Shin maganin da aka rubuta a asibiti yana kama mutum?

Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 24 yana da sikila. A wata kwanciya da ya yi aka fara yi masa allurar Fortwin, yanzu shi yake sayowa ya yi wa kansa, cinyarsa ta yi tauri har da gyambo. Ƙaninsa ya ce irin wannan ne ya kashe mawaƙin Amurka Prince. Gaskiya ne? Yaya zan yi? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganar ƙaninsa tana kan hanya. Prince ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 2016, a gidansa da ke jihar Minesota, yana da shekara 57. Ya daɗe yana fama da ciwon kwatangwalo yana shan magungunan rage raɗaɗi. Binciken gawa ya nuna fentanil ne ya kashe shi, maganin da ya ninka mofin (maganin raɗaɗi mai ƙarfi da ake bayarwa a asibiti) ƙarfi sau 50 zuwa 100, wanda miligiram 2 kacal na iya ɗaukar rai. An tarar da ƙwayoyin jabu masu kamannin wani maganin raɗaɗi mai suna Vicodin a gidansa, da fentanil a ciki. Kwana shida kafin haka sai da jirginsa ya yi saukar gaggawa aka farfaɗo da shi da allurar nalokson, wadda ke karya ƙarfin irin waɗannan magunguna.

Fortwin, wato fentazosin, da tiramadol da kodin da mofin duk dangi ɗaya ne. Suna kwantar da raɗaɗi, suna kuma danne wurin da ke sarrafa numfashi a ƙwaƙwalwa. Jiki yana saurin sabawa da sauƙin da ake ji, sai mutum ya riƙa ƙara yawa, amma numfashi ba ya sabawa da irin wannan saurin. A nan ake rasa rai, musamman in an haɗa da Valium ko rochi ko giya. Taurin cinyar kuwa aikin fentazosin ne: yawan sokawa yana mayar da tsoka tabo, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, gyambon ya ƙi warkewa.

Kada ki ƙwace allurar ki kulle shi a ɗaki, kada kuma a kai shi gidan mari. Bayan awa 8 zuwa 24 da tsayawa zai fara hamma, hawaye, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, amai da gudawa. Abin yakan yi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa cikin mako guda ko fiye. Ga mai sikila, ruwan da zai rasa ta amai da gudawa ya isa ya tayar masa da ciwon, shi kuma ya ruga ya koma wa allurar.

Ki kai shi asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, likitan jini da likitan ƙwaƙwalwa su duba shi tare. Akwai kuma sashen masu fama da shaye-shaye a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Ku tafi da kwalaben da ya yi amfani da su, ya faɗi gaskiyar nawa yake yi a rana, domin da wannan lissafin za a tsara ragewa. Akan rage kusan kashi 10 cikin 100 a mako, wanda ya daɗe a kai kuma a wata. Ki tambayi likitan jini ko ya dace a ɗora shi a kan haidiroksiyuriya, wadda ke rage yawan tashin ciwon, kuma a rubuta masa tsarin abin da za a ba shi duk ranar da ciwon ya tashi.

Lokaci mafi haɗari shi ne bayan ya daina. Sabon da jiki ya yi yana gushewa cikin 'yan makonni, in ya koma ya yi yawan da ya saba yi a da, zai iya tsayar masa da numfashi.

Kowa a gidan ya san waɗannan alamu na cewa maganin ya yi masa yawa: barcin da ba a iya tayar da shi, minshari mai ƙarfi, numfashi ƙasa da sau 10 a minti, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura, leɓe ya sauya launi. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a ɗaga haɓarsa, in numfashi ya tsaya a hura masa iska baki da baki, a garzaya asibiti a faɗi sunan maganin. Nalokson kan farfaɗo da mutum cikin minti biyu zuwa uku, sai dai ƙarfinta yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90. Ko ya farka ya ce lafiyarsa ƙalau, kada a tafi da shi gida sai likita ya sallame shi.

Likita, in mutum ya kamu ta hanyar takardar asibiti, laifin wa? Ana hukunta likita kuwa? Daga wani malamin makaranta, Samaru.

Malam, ana yi. A shekarar 2011 kotu a Amurka ta sami Conrad Murray, likitan Michael Jackson, da laifin kisa ba da niyya ba, ta yanke masa ɗaurin shekara huɗu, saboda ya riƙa ba mawaƙin maganin sa barci na ɗakin tiyata a gida. A batun Prince ba a gurfanar da kowa ba, don an kasa gano wanda ya kawo ƙwayoyin jabun. Amma a 2018 wani likita da aka zarga da rubuta wa Prince oksikodon, wani magani na dangin mofin, da sunan wani ya biya dala 30,000, ba tare da ya amsa laifi ba.

A ganina, duk likitan da ya rubuta irin wannan magani bai tsara ranar dainawa ba, ya bar aiki rabi. Hakkinsa ne ya tambayi tarihin shaye-shaye da farfaɗiya da sauran magungunan da ake sha, ya rubuta na 'yan kwanaki kawai, ya gaya wa majiyyaci ƙarara cewa maganin yana kama mutum, ya sa ranar dawowa. Rubuta wa mutum da sunan wani, ko miƙa masa allura ya je ya yi a gida, cin amanar aiki ne. Haka nan zalunci ne a bar mai sikila ko mai ciwon daji yana birgima don tsoron kada ya saba. Mofin da aka bayar a asibiti da awo da sa ido hakkinsa ne.

Kaso mai yawa na ɓarnar a kanti yake. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan wannan dangin magani ba bisa ƙa'ida ba, a shekarar ce kuma gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. NAFDAC ta amince da tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne, kuma babba ba ya wuce 400 a yini, in ya wuce yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai 225 da ake sayarwa a tasha haramtacce ne, ba wanda ya san abin da ke cikinsa. Mai kemis na unguwa ba shi da izinin sayar da ko ɗaya daga cikinsu.

Wanda yake da ƙorafi kan likita ya adana katinsa da takardun magani da rasit, ya fara kai kuka ga shugabannin asibitin. In bai gamsu ba, ya rubuta wa MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi, ya haɗa da takardar rantsuwa daga kotu. Ƙorafi kan kantin magani kuma PCN, hukumar da ke kula da masu harhaɗa magani da kantunansa, ake kai wa, ko ofishin NDLEA mafi kusa.